Huckleberry Finn: littafin da Amurka ta kasa ajiyewa, ta kuma kasa karantawa cikin kwanciyar rai

A babi na 32 na littafin Adventures of Huckleberry Finn akwai wata 'yar hira da ba ta wuce layi huɗu ba. Huck, yaron da ke ba da labarin, ya isa wani gidan gona. Matar gidan ta ɗauka ɗan 'yar'uwarta ne da take jira, ta tambaye shi abin da ya tsayar da jirgi. Nan take ya shirya mata ƙarya, ya ce wani abu ne ya fashe a injin. Hankalinta ya tashi, ta ce ko wani ya ji ciwo? Ya ce a'a, baƙar fata ɗaya dai ya mutu. Sai dai ba baƙar fata ya ce ba, zagin nan ya yi amfani da shi wanda ya fi kowane muni a Turancin Amurka, wanda a yau ake sakayawa a ce kalmar N. Matar ta sauke ajiyar zuciya ta ce to an yi sa'a, domin wani lokaci mutane kan ji ciwo.

Matar nan ba muguwa ba ce. Mai tausayi ce, mai karɓar baƙo hannu bibbiyu, mijinta ma mai wa'azi ne. Abin da marubucin ke nunawa ke nan: a ƙasar da ake bauta, mutumin kirki ma yana iya jin an ce rai ya salwanta ya ce ba mutum ba ne, ko gezau. Wanda ya gane gatsen sai ya ji tsigar jikinsa ta tashi. Wanda bai gane ba kuwa, abin da zai ɗauka shi ne an yi zagi a cikin aji, da muryar malami, kuma ba abin da ya faru. Rigimar da Amurkawa suka shafe shekaru kusan saba'in suna yi a kan tilasta wa 'yan sakandare karanta wannan littafi tana kwance ne tsakanin waɗannan masu karatu biyu.

Mark Twain ne ya rubuta shi, sunansa na yanka Samuel Clemens, an haife shi a 1835, ya tashi a garin Hannibal na jihar Missouri a bakin kogin Mississippi, a gidan da aka mallaki bayi. Ya fara rubutun a 1876, ya ajiye, ya dawo, ya kammala a 1883. An buga shi a Ingila a ƙarshen 1884, a Amurka kuma a farkon 1885. Labarin ya koma baya da shekara arba'in zuwa hamsin, zamanin da bauta ke kan ganiyarta. Huck ɗan shekara 13 ko 14 ne, ya gudu daga ubansa mashayi mai dukansa. Jim bawa ne, ya gudu saboda ya ji uwargijiyarsa na shirin sayar da shi dala 800 ga wani dillalin bayi da zai kai shi kudu. Suka haɗu a wani tsibiri, suka hau wasu katakai da aka ɗaure wuri ɗaya, ruwa ya yi ta tafiya da su.

Kafin a fahimci rigimar sai an san yadda makarantun Amurka suke. A nan gida, WAEC da NECO ke fitar da jerin littattafan adabi, kowace makaranta ta bi. A Amurka babu irin wannan jeri na ƙasa baki ɗaya. Akwai gundumomin ilimi kimanin 13,000, kusan kowace da hukumarta da jama'ar yankin ke zaɓa, ita da malamanta ke tsara manhaja. Shi ya sa ba a taɓa yanke hukunci sau ɗaya an huta ba. Ana kashe wutar a Virginia sai ta tashi a Minnesota. Duk da haka littafin ya bazu ƙwarai: binciken da Arthur Applebee ya fitar a 1989 ya nuna ana koyar da shi a kashi 70 cikin 100 na makarantun sakandaren gwamnati, Romeo and Juliet da Macbeth na Shakespeare ne kawai suka fi shi.

Tun fitowarsa yake shan suka, amma dalilin ya sauya. A 1885 laburaren garin Concord a Massachusetts ya kore shi, ya ce shara ce da ta dace da unguwannin marasa galihu. A 1905 laburaren Brooklyn ya cire shi daga ɗakin yara. Abin da ya dame su shi ne Huck maƙaryaci ne, ƙazami, ba ya son makaranta, Turancinsa na kan titi. Ba wanda ya tayar da maganar kalmar N a cikinsu, domin a bakinsu ma take. Daga baya manyan masana suka ɗaga shi sama. Ernest Hemingway ya rubuta a 1935 cewa dukkan adabin Amurka na zamani daga wannan littafi ɗaya ya fito. Lionel Trilling a 1948 da T. S. Eliot a 1950 suka rubuta masa gabatarwa ta yabo, daga nan ya samu gindin zama a manhaja.

A lura da shekarun. Littafin ya zama wajibi ne a lokacin da doka a jihohin kudu ta raba makarantar farare da ta baƙaƙe, a arewa kuma rabon unguwanni ya yi kusan aikin da dokar ta yi. Waɗanda suka zaɓe shi suna hango ajin da duk 'ya'yan farare ne, suna so su nuna musu munin bauta. Sai Kotun Ƙoli ta soke wariyar makarantu a 1954, yaran baƙaƙe suka fara shiga waɗannan azuzuwa. A 1957, shekarar da sai da sojojin tarayya suka raka ɗalibai baƙaƙe tara cikin makaranta a Little Rock, hukumar ilimi ta birnin New York ta cire littafin daga jerin na firamare da ƙaramar sakandare. Rubutun yana nan yadda yake tun 1885, amma masu sauraronsa a aji sun ƙaru da waɗanda zagin ke nufi.

Masu kare littafin suna da hujja mai ƙarfi, kuma ni kaina ina tare da su a kanta. Hujjar tana babi na 31. An kama Jim, wani ɗan damfara ya sayar da shi dala 40. Huck ya zauna yana tunani. Duk abin da aka koya masa a gida da coci ya ce taimakon bawa ya gudu sata ce, kuma mai yin ta ɗan wuta ne. Ya yi ƙoƙarin yin addu'a, kalmomin suka ƙi fita. Sai ya ɗauki takarda ya rubuta wa uwargijiyar Jim wasiƙa yana gaya mata inda bawanta yake. Ya ji wasai, kamar an wanke shi daga zunubi. Amma ya ajiye takardar ya ci gaba da tunani, sai tafiyarsu ta dawo masa: yadda Jim kan haɗa gadinsa da na Huck cikin dare don yaron ya samu barci, yadda ya yi murna da ya gan shi bayan sun ɓace wa juna cikin hazo, yadda ya ce masa ba shi da wani aboki a duniya sai shi. Ya ɗauki takardar jikinsa na rawa, ya ce to shi ke nan, zan shiga wutar, ya kekketa ta.

Abin da ya sa wurin ke girgiza mai karatu shi ne Huck bai san daidai ya yi ba. Ya yi imani da gaske cewa ya sayar da lahirarsa. Twain da kansa ya bayyana littafin a matsayin wurin da lafiyayyar zuciya ta yi karo da gurɓataccen lamiri, lamirin ya sha kaye. Da wuya ka sami littafin tarihi da zai iya nuna wa ɗan shekara 17 yadda al'umma gaba ɗayanta, da limamanta da alƙalanta da iyayenta mata masu tausayi, ke iya tarbiyyantar da yaro a kan zalunci har ya ɗauki alheri a matsayin zunubi. Wannan darasi ne da ya wuce Amurka.

Akwai kuma wuraren da Jim ke fitowa a cikakken mutum. A babi na 15 Huck ya yi masa wasan rainin hankali, Jim ya gaya masa a fuska cewa mai kunyata abokinsa shara ne, Huck ya yi minti goma sha biyar yana kokawa da girman kansa kafin ya je ya ba shi haƙuri. A babi na 23 Jim ya ba da labarin 'yarsa mai shekara huɗu da ta tashi daga zazzaɓi. Ya umarce ta ta rufe ƙofa, sai ta tsaya tana masa murmushi. Ya sake faɗa, ba ta motsa ba, ya kwaɗa mata mari. Can iska ta bugo ƙofar da ƙarfi a bayanta, yarinyar ko gezau. A nan ya gane cutar ta kurmantar da ita. Ya rungume ta yana kuka, yana cewa Allah Ya yafe masa, shi kam ba zai taɓa yafe wa kansa ba. Duk uban da ya karanta wannan shafi ya san ba abin dariya aka zana masa ba.

To amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Jim ɗin da ke babi na 23 ba shi ne ke ko'ina cikin littafin ba. A wurare da yawa an mai da shi dolo mai camfi, wanda yara ke juyawa yadda suka so, irin hoton da ake nunawa a wasannin da farare ke shafa baƙi a fuska suna kwaikwayon baƙaƙe don a yi dariya. Twain yana son waɗannan wasanni, bai ɓoye ba. Ralph Ellison, marubucin Invisible Man da 'yan WAEC suka sani, ya ce a 1958 Twain ya cusa Jim ne cikin wannan ƙirar, mutuncinsa sai dai ya leƙo daga bayan abin rufe fuskar. Ellison masoyin littafin ne, amma bai ce ƙirar ba ta nan ba.

Sai ƙarshen littafin, wanda ya fi damuna. Bayan Huck ya yarda ya shiga wuta saboda Jim, sai abokinsa Tom Sawyer ya bayyana ya karɓe ragamar labarin har kusan babi goma. Jim na kulle a wata bukka da za a iya fitar da shi cikin dare ɗaya. Tom ya ce a'a, sai an yi yadda ake yi a littattafan jarumai. Suka cika masa ɗaki da ɓeraye da macizai da gizo-gizo, suka sa shi rubutu da jininsa a jikin riga, suka yi makonni suna wasa da magidanci mai mata da 'ya'ya. Huck ya bi Tom, bai yi wata gardama ta kirki ba. Ranar gudun aka harbi Tom a ƙafa, Jim ya fasa tserewa ya tsaya jinyarsa, aka sake kama shi aka sa masa mari da sarƙa. Yabon da Huck ya iya yi masa shi ne wai ya san cikinsa fari ne. Daga ƙarshe Tom ya tona cewa uwargijiyar Jim ta mutu wata biyu da suka wuce, ta 'yanta shi a wasiyyarta, kuma shi Tom ya sani tun farko. Ya ba Jim dala 40 ladan haƙuri, daidai kuɗin da aka sayar da shi.

Hemingway ɗin da ake yawan jawo yabonsa, a wuri guda ya ce mai karatu ya tsaya inda aka sace Jim, sauran duk maguɗi ne. Wasu masana suna ganin da gangan Twain ya yi: yana rubutu ne bayan 1877, lokacin da gwamnatin tarayya ta janye hannunta daga kudu ta bar 'yantattun bayi a hannun tsofaffin iyayengijinsu, kuma a 1883 Kotun Ƙoli ta soke dokar kare haƙƙin jama'a ta 1875. A wannan fassara, wasan Tom hoton Amurka ne tana wahalar da mutumin da tuni yake da 'yanci. Fassarar tana gamsar da ni. Akwai ma wasiƙar da Twain ya rubuta a 1885 yana ɗaukar nauyin wani ɗalibi baƙar fata, Warner McGuinn, a makarantar lauyoyi ta Yale, inda ya ce farare ne suka murƙushe mutuncin baƙaƙe, abin kunyar na farare ne, su ya kamata su biya. Amma dubi yawan abin da sai mutum ya sani kafin ya kai ga wannan fahimta. Yaron da aka miƙa wa littafin aka ce ya karanta babi uku kafin Litinin, abin da zai gani shi ne yara biyu farare suna wasa da babban mutum baƙi, kuma an shirya wurin ne don a yi dariya.

Yanzu a shiga ajin. Ɗalibai talatin, biyu ne baƙaƙe. Malama ta ce a karanta a bayyane, kowa da sakin layinsa. Kalmar N ta zo sau 219 a littafin, ba yadda za a yi a kauce mata. Duk lokacin da ta fito, wani ya yi ƙasa da murya, wani ya faɗe ta da ƙarfi fiye da kima yana danne dariya, idanu kuma su juya wuri ɗaya. Yarinyar da ake kallo ba ta da zaɓi. In ta nuna ɓacin rai a ce ba ta fahimci adabi ba, in ta yi shiru a ce ai ba ta damu ba. Ana tashi, kalmar ta biyo ta baranda, mai faɗa kuma ya ce ai daga littafin malama ya ɗauko. Darasin an shirya shi ne don ya farkar da 'yan ashirin da takwas ɗin, amma ita ke biyan kuɗinsa. Toni Morrison, wadda ta ci kyautar Nobel a 1993, ta ƙi yarda a cire littafin, ta ce cirewar lallashin manya ne ba ilmantar da yara ba. Amma a gabatarwar da ta rubuta masa a 1996 ta faɗi cewa karanta shi a ƙaramar sakandare ƙarƙashin malamin Turanci ya bar ta da wani fushi da ta danne a ciki. Idan mai kaifin basira irinta ta ji haka, bai kamata a ce wa iyayen da ke ƙorafi jahilci ke damunsu ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

An gwada hanyoyi. A 1982 John Wallace, jami'i baƙar fata a wata makaranta da ke gundumar Fairfax a Virginia, wadda sunan Mark Twain ɗin ma take ɗauke da shi, ya kira littafin sharar wariyar launin fata, ya nemi a fitar da shi. A Tempe ta jihar Arizona wata uwa ta kai ƙara kotu, ta ce zagin da ake yi wa 'yarta ya ƙaru bayan an karanta shi a aji. A 1998 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta raba gardamar gida biyu: ta ce kotu ba za ta cire littafi daga manhaja saboda abin da ke cikinsa ba, amma makarantar da aka kai wa koken cin zarafin ɗalibai saboda launinsu ta yi kunnen uwar shegu, ana iya tuhumarta. Hukuncin ya yi daidai, ya kuma nuna inda nauyin yake.

A 2011 wani masanin Twain, Alan Gribben, ya fitar da bugun da aka maye gurbin kalmar N da kalmar bawa. Niyyarsa mai kyau ce, ya ga malamai na gudun littafin. Amma an gudu ba a tsira ba. Bawa matsayi ne da ake iya fita daga cikinsa, zagin kuwa a fata aka liƙa shi. A babi na 6 uban Huck, cikin maye, yana ta zage-zage saboda ya ga wani baƙar fata mai 'yanci daga Ohio, farfesa mai jin harsuna da yawa, wanda har ƙuri'a yake jefawa a garinsu. Mutumin ba bawan kowa ba ne, abin da ke ƙona wa mashayin rai ke nan. In ka sauya kalmar a nan ka rushe ma'anar shafin. Haka hirar nan ta babi na 32, in aka tausasa ta, matar ta fita da hannu mai tsabta.

Hanyar da ta fi burge ni ita ce ta Cherry Hill a New Jersey. Bayan ƙorafin ɗalibai baƙaƙe a tsakiyar shekarun 1990, hukumar ta dakatar da littafin, ta zaunar da iyaye da malamai da masana daga Jami'ar Villanova. Suka fito da tsarin da sai malami ya samu horo kafin ya koyar da shi, kuma ana karanta shi ne tare da tarihin bauta, da tarihin kalmar kanta, da rubutun waɗanda suka yi bautar da jikinsu. Duluth a Minnesota kuma a 2018 ta cire shi daga jerin dole, ta bar shi a laburare ga mai so. Masu fafutukar 'yancin karatu suka ce haramtawa ce. Ban yarda ba. Shekarar karatu ba ta ɗaukar littattafai masu yawa, kowane zaɓi barin wani ne, kuma ba wanda ya ce an haramta dubban littattafan da ba su shiga manhaja ba. Inda zan tsaya da ƙafa biyu in yi faɗa shi ne in aka ce a kwashe shi daga kan kanta.

Ra'ayina ke nan: kada a taɓa harafi ɗaya na littafin, kada a fitar da shi daga laburare, amma kada a ce dole ne kowane ɗalibi a kowace makaranta ya karanta shi. Littafin da duk ma'anarsa ta rataya a kan gatse, amfaninsa ya rataya a kan malami, kuma hukuma na iya tilasta littafi da sa hannu ɗaya amma ba ta iya samar da ƙwararren malami a kowane aji da sa hannu ɗaya. Inda akwai malamin da ya shirya, ɗaliban kuma sun kai aji biyun ƙarshe, an tattauna da iyaye, an yi yarjejeniya cewa ba za a furta kalmar a bayyane ba, to a koyar da shi, a daɗe a kan babi na 31, a kuma fuskanci ƙarshensa ba tare da kwaskwarima ba. Inda babu wannan, cutar da zai yi wa 'yan tsirarun ajin tabbatacciya ce, amfaninsa ga sauran kuwa sai an yi sa'a.

Kuma ko a inda za a koyar da shi, kada ya zama shi kaɗai ne muryar bauta da yaro zai ji. Duk abin da muka sani game da Jim ta idon yaro farar fata muka gan shi. Frederick Douglass ya tsere daga bauta a Maryland ya rubuta labarinsa da hannunsa a 1845, daidai zamanin da Twain ya ajiye Huck da Jim a kan kogi, kuma littafin gajere ne, ɗan sakandare zai gama shi cikin mako guda. A 2024 Percival Everett ya fitar da James, inda ya sake ba da labarin tafiyar nan daga bakin Jim, mutumin da ya iya karatu da rubutu, yake kuma karya harshe da gangan a gaban farare don ya tsira da ransa. Littafin ya ci kyautar Pulitzer a 2025. Malamar da ta ajiye waɗannan ukun a teburi ɗaya za ta iya tambayar ajinta abin da Jim ke tunani a cikin bukkar nan, tsakanin ɓeraye da macizai, lokacin da yaran suka tafi cin abincin dare.